Shekarar da Aka Cire Akwatin Tanko Tela

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ga abin nan tun ranar da aka yi shi. Jikata Binta ce take rubutawa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, ko a allo ban yi nisa ba. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada kuma ta sassauta. Abin da ya sa na zaunar da ita shi ne, ran sunan jikar ɗana Habu na ji wata mata tana nuna ɗaya daga cikinku tana cewa ai wannan jinin Haladu Ɗaga-hannu ne. Aka yi dariya, ku ma kuka taya, don ba ku san mafarin sunan ba. Tsofaffin da suka sani kuwa rabi suka sani. Kakanku Malam Haladu ya ɗauki sunan nan shi kaɗai har ya shiga kabari da shi, kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. Abin da zan gyara ke nan kafin a kira ni.

A lokacin da nake ba ku labari, gidanmu yana kallon shagon Tanko tela, hanya ce kawai a tsakani. A jikin bangon shagon akwai jan akwati na ƙarfe, a ciki kuma kusa da keken ɗinki akwai teburi da sikeli da kan sarki. Shi ke nan gidan wayar garinmu. Duk ranar kasuwar Tudun Wada motar da take tahowa daga Kano takan tsaya, a jefo jaka ɗaure da baki, Tanko ya miƙa tasa. Kada ku raina wannan jakar. Mazan garinmu rabinsu suna haƙar kuza a Riruwai ko suna cin rani a kudu, ta cikinta ake sanin wa yake raye, wa aka yi wa haihuwa, wa zai dawo kafin shuka. Har Fulanin Burumburum sukan biyo, su ajiye ƙwaryar nono a ƙofa, su tambaya ko 'yan'uwansu da suka yi kudu da shanu sun aiko. Kuma duk wasiƙar da za ta shigo garin, sunan Tanko ne a bayanta. Dalili kuwa, masu suna iri ɗaya sun yi yawa, sannan ba mai yarda a rubuta sunan uwarsa ko matarsa a bayan ambulan kowane ƙato ya karanta a hanya. Sai ta iso, Tanko ya buɗe, ya ga ta wane gida ce, ya kawo da kansa, ya zauna a zaure ya karanta, mu mata muna ji daga bayan asabari.

Ƙanena Isyaku, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya tafi Makka a ƙasa shekara biyu kafin abin da zan ba ku labari ya faru. A wancan zamani tafiyar shekaru ce, mutum ya yi ƙwadago a nan, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Ya bar matarsa Dije da goyon 'yarsu Sa'a, don ta kula da Innarmu da ƙafa ta hana ta tashi. Isyaku ya iya ajami, bai iya boko ba, shi ya sa kafin ya tafi Tanko ya rubuta masa adireshi a bayan ambulan goma sha biyu, duka da sunansa, ya naɗe masa a tsumma. Ina tsaye a bayan ƙofa ina jin su.

"Ga su nan, Alhajin gobe. Idan suka ƙare ba ka dawo ba, zan ce ka yi aure a can, in zo in karanta wa Dije da kaina."

"Kai dai ka bar ƙara gishiri a wasiƙun mutane," in ji Isyaku. "An ce mutum ya rubuta yana lafiya, kai kuma ka ce ya yi ƙiba."

Guda biyar suka iso. Ta biyar ta ce yana wani gari a Sudan yana aikin auduga, amma zai tashi ya nufi bakin teku, kada a rubuto masa sai ya faɗi inda ya sauka. Inna ta sa aka karanta mata ita sau uku, sannan ta tura ta ƙarƙashin matashinta.

Yanzu in faɗi halina, don kun san shi. Ni mai sa ido ce tun ina yarinya, kuma ina taƙama da hakan. Akwai wata 'yar kafa a katangarmu kusa da murhu, ta nan nake ganin ƙofar shagon ina tuƙa tuwo. A shekarar ne siyasa ta shigo mana. Ba zan kama sunan jam'iyyun ba, duka biyun sun mutu. Ɗaya ta masu mulki ce, ita ta tsayar da maigidana Malam ya zama wakilin garinmu a majalisar gunduma. Ɗayar ta 'yan hamayya ce, Tanko kuma nasu ne, bai ɓoye ba. Sai na lura duk ranar da jaka ta zo, bayan an watse, mutum huɗu sukan shiga bayan shagon ɗaya bayan ɗaya, su fito aljihun rigarsu ya yi tudu. Na gane su duka. Na gaya wa Malam. Ya ce mini jarida ce da takardun jam'iyyarsu, ya sani, in bar maganar a nan. Ban bar ta ba. A wani biki a gidan dagaci mata suna hira, ana cewa ba a san ta inda takardun 'yan hamayya suke shigowa gari ba, ni kuwa na kasa haɗiye abin da na sani. Na faɗi ranar, na faɗi sunayen mutum huɗun, matar dagaci tana cewa kai Hasiya, idonki ba ya barci. Na ji daɗin wannan yabo. Allah ya gani, na ji daɗinsa.

Ba a yi wata guda ba sai ga mota a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Wani babba ne a jam'iyya daga birni. Aka shimfiɗa masa buzu a zaure, na aika da fura, na dawo na tsaya inda na saba tsayawa.

"Malam Haladu, takarda ta zo daga sama. Za a rage ƙananan gidajen waya, an ce kowace majalisa ta faɗi wanda za a bari da wanda za a cire. Naku yana cikin na cirewa."

"Ranka ya daɗe, akwatin nan ba na Tanko ba ne, na gari ne. Akwai masu kuza, akwai 'yan cin rani. Ƙanin iyalina ma yana hanyar Makka, ta nan kaɗai muke jin sa. Idan Tanko ne matsalar, a ba wani riƙon mana."

"Wa? Wa ya iya boko a garin nan in ba shi ba? Kai ma da yatsa kake sa hannu." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ka ji ni da kyau. Har matan garinku sun san abin da yake shigowa ta akwatin nan, a gidan dagaci aka lissafa sunaye. Ranar majalisa idan shugaba ya ɗaga hannu, ina so in ga naka a sama. Mu muka ɗora ka a kujerar nan, ba 'yan cin rani ba."

Da ya ce matan garinku, na san da ni ake. Malam bai taɓa tambayata ba, har ya mutu. Amma da ya shigo cikin gida ya kalle ni, ya kalli kafar nan ta kusa da murhu, ya wuce ɗakinsa.

Magana ta fita gari. Liman ya zo, sarkin noma ya zo, tsofaffin da 'ya'yansu suke Riruwai suka cika zaure har waje, cikinsu har da waɗanda ba sa ga maciji da Tanko. Wannan ba maganar jam'iyya ba ce a wurinsu. Malam ya miƙe a gabansu ya ce su kwantar da hankalinsu, su suka aike shi, hannun nan nasa ba zai tashi a kan akwatinsu ba. Na ji da kunnena, kuma na san da gaske yake.

Ranar majalisa da safe na kai masa koko, na tarar da shi zaune da rawani a cinya bai naɗa ba. A nan ne aka yi abin da ba wanda ya sani sai ni da shi.

"Ba zan ɗaga ba," in ji shi. "Su cire ni in sun so."

"Cirewa kawai kake tsammani, Malam? Ɗan'azumi mahauci magana ɗaya ya yi a kasuwa, aka tafi da shi da igiya, ka ga yadda ya dawo. Kai kuma nasu ne, za su ce ka ci amana, naka sai ya fi nasa. Ni ba zan tsaya a ƙofar gidan yari da kwanon tuwo da 'ya'ya biyar ba."

"Na yi wa mutane alkawari."

"Mutanen za su yi maka noma idan an ɗaure ka? Hannu ne fa, ka ɗaga ka sauke. Ko ka ɗaga ko ka ƙi, sun riga sun gama."

Sai ya ce, "Isyaku fa?"

Ku ji amsar da na ba shi, don ita ce nauyin da nake ɗauke da shi. Na ce masa ai idan wasiƙa ta zo ba ta sami akwati a nan ba, za ta tsaya a Tudun Wada ko Dangora, sai a je a ɗauko. Na faɗa da ƙarfi kamar na sani. Ni a tunanina wasiƙa kamar baƙo take, idan ya zo bai tarar da mai masaukinsa ba, maƙwabci zai sauke shi, ya ba shi ruwa, ya aika a kira masu shi. Haka ake yi a duniyar da na sani. Ban san wasiƙa ba ta tambayar hanya ba. Malam ya naɗa rawaninsa, bai sha kokon ba, ya hau kekensa.

An ce da shugaba ya ɗaga hannu, wakilai biyu na ƙauyukan da ke kusa da mu suka zuba wa Malam ido, suna jiran su ga abin da zai yi. Ya daɗe kansa a ƙasa, sannan ya ɗaga, su ma suka ɗaga. Wasu sun ce da ya ƙi da akwatin ya tsira, wasu sun ce ba abin da zai canza. Ban sani ba. Abin da na sani, kafin ya iso gida labari ya riga shi, kuma a bakin rijiya aka raɗa masa sunan da kuke ji. Bayan sati biyu mutum biyu suka zo da guduma suka ɓalle akwatin, suka ɗora a mota tare da sikelin. Ramuka huɗu suka rage a bangon, ina kallonsu ta kafar nan shekara da shekaru.

Tanko bai daɗe ba. Mutane suka ji tsoron a gan su a shagonsa, ɗinki ya tsaya, bayan kaka ya haɗa kayansa zai koma Zariya. Ranar da zai tafi ya yi sallama a zaurenmu, Malam ba ya nan, na fito bayan asabari.

"Uwargida, ban zo faɗa ba. Na zo in tuna muku, ambulan Isyaku saura bakwai, kuma duka sunana ne a kai. Yanzu a babban gidan waya na Kano za su riƙa tsayawa. Ba za a ba kowa ba sai ni, ko wanda na ba takarda da sa hannuna. In ba a karɓa ba, mayar da su ake yi inda suka fito. Ki gaya wa Malam ya zo in rubuta masa, ko yau ko ya same ni a can."

"Malam ya san abin da zai yi," na ce masa. Ko ruwa ban ba shi ba.

Na gaya wa Malam, ya ce zai bi shi Zariya. Ni ce na ce ya dakata ƙura ta kwanta, don idan aka ji wakilin jam'iyya ya je har Zariya gidan Tanko, duk abin da muka guda zai same mu. Ya je Kano sau ɗaya ba takarda, akawu ya ce masa shi ba Tanko ba ne, ya juyo. Da ya tashi neman Tanko bayan shekara, aka ce ya bar Zariya, ba a san inda ya yi ba. Ita kuwa jam'iyyar, da zaɓe ya zagayo ta ga garin ba ya son ganin Malam, sai ta ajiye shi ta tsayar da wani. Mutumin nan mai mota ko gaisuwa bai sake aikowa ba.

Inna ba ta fahimci an cire akwati ba, ko kuma ta ƙi fahimta. Duk ranar kasuwa nakan je gidanta, idan ta ji ƙarar mota sai ta ɗago. Ni 'yar fari ce, ba ta kiran sunana.

"Ke 'yar nan, motar ta tsaya?"

"Ta wuce, Inna."

"To, wani satin."

Haka har shekara uku. Dije ce take juya ta, take wanke ta, take ba ta a baki. Da ta rasu muka ɗaga matashinta muka sami wasiƙa ta biyar, ta yi laushi kamar tsumma.

Tun kafin rasuwar Inna mahaifin Dije ya kai maganar gaban alƙali, kuma ban ga laifinsa ba, yarinya ce mai jini a jika ba miji ba labari. Alƙali ya kira Malam a matsayin dangin miji, ya tambaye shi ko akwai wasiƙa ko saƙon baki da ke nuna Isyaku yana raye. Malam ya ce babu. Aka yanka mata shekara huɗu kamar yadda shari'a ta ce a kan mijin da ya ɓata, da sharaɗin ko layi ɗaya ya zo daga hannunsa, magana ta mutu. Dije ta cika su cif, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ranar da za ta shiga takaba ta zo ta durƙusa a gabana.

"Yaya, idan kin ce in ƙara jira, zan ƙara."

Na ce mata ta bi abin da alƙali ya ce, mai rai ba ya shiru haka. Ta yi takaba, ta auri wani manomi a Dangora, mutumin kirki, ta tafi da Sa'a.

Tana da cikin wata shida Isyaku ya dawo. Da rana tsaka ne, da farar jallabiya da furfura a gemu. A tashar Dangora aka gaya masa komai, don haka bai tambayi Dije ba, bai tambayi Inna ba, sai dai ya ce a nuna masa kabarin. Da ya dawo ya zauna a zaure da Malam, ina bayan asabari. Ya buɗe jakarsa ya fito da ambulan bakwai, kowace an buga mata hatimi an ja layi a kan sunan Tanko.

"Yaya, kina ji na? Ga su nan. Na gaji da aikowa, na kawo da kaina." Muryarsa ba faɗa a ciki. "Ta farko da ta dawo mini na ce kuskure ne. Da ta uku ta dawo na ba wani mutumin Zariya saƙon baki, ashe bai iso ba. Da ta bakwai ta dawo na ce shi ke nan, ko annoba ta cinye garin ko an tashe shi. Na yi muku addu'a a Makka a matsayin matattu. Na koma Sudan na zauna, don ban ga abin da zan dawo wa ba, sai bara na haɗu da wani Bafulatanin Burumburum ya ce mini garin yana nan. Tanko mutuwa ya yi?"

"Yana raye, ina tsammani," in ji Malam.

"To me ya sami akwatin?"

"Majalisa ce ta ce a cire. Ni na ɗaga hannu."

Malam ya tsaya a nan. Ina jira ya ce yayarka ce ta kai magana gidan dagaci, yayarka ce ta hana ni ƙi, yayarka ce ta hana ni bin Tanko. Bai ce ba. Asabari ne kawai tsakanina da su, da na ɗaga shi na yi magana da an wuce wurin tun ranar. Na tsaya riƙe da kwanon ruwan da zan kai wa ƙanena, ban ɗaga asabarin ba. Isyaku bai sake cin abinci kwano ɗaya da Malam ba, ni kuwa har ya mutu yana ce mini Yaya yana kawo mini tsaraba. Shari'a ta bar Dije a gidan mijinta na biyu. Isyaku kuma ya koma Riruwai, can ya ƙare kwanansa. Sa'a ta girma tana gaishe shi kamar baƙo, shi ya sa 'ya'yanta ba sa zuwa gidan nan, ku kuma kuke cewa girman kai ne.

Shida daga cikin wasiƙun na Inna ne, ya je ya karanta mata su a bakin kabari. Ɗaya ya ɗaure da jan zare ya ba ni, ya ce wannan ta Dije ce ita kaɗai, in ba ta idan na ga ya dace. Da farko na ce matar wani ce, bai dace ba. Da mijinta ya rasu na ce a bari ta fita takaba. Daga nan ban sake samun dalili ba, sai tsoron kada ta tambaye ni yadda aka yi. Wasiƙar tana cikin adudun nan ƙarƙashin zannuwana, ban buɗe ba, ban ba kowa ya karanta mini ba.

To ku ji. Duk wanda ya sake ce muku jinin Ɗaga-hannu, kada ku yi dariya, kada ku yi faɗa. Ku ce masa hannun na Malam Haladu ne, amma matarsa Hasiya ce ta ɗaga shi. Dije tana nan a Dangora, ido ya yi rauni amma kunne yana ji. Binta, ajiye alƙalamin nan ki jawo mini adudun. Gobe da safe ki samo mana mota. Ke za ki karanta mata tunda kin iya ajami, amma ni zan miƙa mata da hannuna, kuma kafin ki kwance zaren sai na gaya mata wanda ya tsare ta a hanya.